Likkafanin da Ke Ɗakin Sha'ibu

Shekarar da aka rufe ɗakin Sha'ibu, ƙasa ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, tutar da ke gaban biro, ofishin hukuma, ko koɗewa ba ta yi ba. Amma a Dakoro mutane sun riga sun koyi magana ƙasa-ƙasa. An hana wata jam'iyya, aka ce duk wanda ya ba mutanenta ko da ruwan sha ne ya zama nasu. Sha'ibu, ɗan kasuwar nan da ke kai gero da fatu Najeriya ya komo da goro da atamfa, an ce ya ba su abin da ya fi ruwa. Ko ya ba su ko bai ba su ba, Allah ne masani. Shi dai bai tsaya a tambaye shi ba. Ya bi ayarin shanu ya tsallake iyaka, ya bar mata da 'ya'ya da tsohuwarsu a wuyan ƙanensa Cindo.

Cindo tela ne a bakin kasuwa, mutumin da ko akuya ta harare shi sai ya sake hanya. Bai taɓa jam'iyya ba, bai taɓa gardama ba, ko cinikin ɗinki in ya yi zafi shi yake sallamawa. Irin mutumin da hukuma ke so ke nan idan tana neman wanda za ta ɗora wa kaya.

Gardawa, wato dogaran hukuma, suka zo da hantsi, babbansu wani mai suna Mamani. Aka karanta takarda da Faransanci, aka juya ta da Hausa. Duk abin da Sha'ibu ya mallaka ya tsaya inda yake: ba sayarwa, ba kyauta, ba aro, ba ɗauka daga nan a ajiye can. Wanda ya taɓa, ko ya aika masa da wani abu daga ciki, hukuncinsu ɗaya. Shanunsa aka kora su garken hukuma. Ɗakin da yake ajiyar kaya a tsakar gida kuwa aka ja ƙyaurensa, aka ɗaure da igiya, aka ɗiga jan kaki a kan ƙullin, aka danna tambari. Sai aka ce ana son namiji a gidan wanda zai ɗauki alhakin hatimin nan, in ya karye shi za a tambaya. Kowa ya juya ya kalli Cindo. Da ya miƙa hannu zai dangwala, wani gardi ya ga yatsan nan na shida da ya ba shi suna, ya ce, “Kai da wanne za ka sa?” Suka yi dariya, shi ma ya taya su, don bai san abin da zai yi da bakinsa ba.

Ba su kai ƙofar gida ba matar Sha'ibu ta tuna kazarta na kwance kan ƙwai a bayan buhuna. Ta faɗa. Mamani ya kalli kakin, ya riga ya daskare, ya ce kaza ma ai dukiyar Sha'ibu ce. Haka aka yi ta jin ta tana karce ƙyaure. Cindo ya riƙa tura mata tsaba ta ƙarƙashin ƙofa, yana zurara ruwa ta cikin kara, har ranar da tsabar ta kwana ba a taɓa ba. Wari ya tashi ya cika gida, daga baya ya wuce. Tun daga nan yara suka daina wasa a wannan kusurwa. Da rana tsaka, idan gida ya yi tsit, sai a ji wani abu ya ce ƙwas a cikin ɗakin, kamar an ƙwanƙwasa da yatsa. Cindo ya ce akwatin ƙarfe ne zafi ke miƙar da shi. Matan gidan suka ce to, amma suka koma shanya a wani gefen.

Akwatin ƙarfen nan shi ne damuwar Cindo, tun ranar farko ya sani, ya kuma yi shiru.

Uwarsu, Hajiya Zalika, ba hajiyar mota ba ce. Da ƙafa suka tafi Makka ita da mijinta Malam Isufu, suka bar yara wurin dangi, suka tsaya a Sudan suna tsinkar auduga har suka tara na jirgin ruwa. A Makka suka sayi farin yadi turmi guda, suka tsoma shi a zamzam, suka shanya a rana, don ya zama likkafaninsu. A hanyar dawowa Malam Isufu ya rasu a wani ƙauye da har yau ba ta iya faɗin sunansa daidai. Ta sa haƙori ta tsaga yadin biyu, aka rufe shi da rabi. Sauran rabin ta ɗoro a ka har Dakoro. Da gara ta addabi ɗakinta, sai ta ba Sha'ibu ya sa mata a akwatinsa. Kowace shekara bayan girbi takan sa a fiddo shi ya sha iska, ta shafa, ta sansana, a mayar. Da idonta ya mutu ma ba ta daina ba, sai ma ta ƙara daɗewa tana shafawa.

Sha'ibu ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ran da aka gaya mata ya gudu, “To” kawai ta ce. Ran da aka rufe ɗakin ba ta ce komai ba, Cindo ya yi ta roƙon Allah ya sa ta manta, alhali ya san tsohuwar da ta haddace rijiyoyin hanyar Makka ba za ta manta da wannan ba.

Bayan girbi ciwo ya kwantar da ita, ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Furera, yayar Cindo da ke aure a Ɗan Gulbi, ta zo jinya. Wata safiya tsohuwar ta sa aka kira shi.

“Cindo.”

“Na'am, Inna.”

“A hiddo mini kayana in taɓa. Bana kam ba shan iska za su yi ba.”

Ya ce, “To, Inna,” ya fita.

Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi biro. Bai kai ga shiga ba, ya iske Mamani zaune a inuwar gawo yana goge takalmi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, har da ƙauyen da ba a iya faɗin sunansa. Mamani ya saurara, ya daina goge takalmin, don shi ma yana da uwa.

“Tela, ka ji tsoron Allah, kar ka ɗora mini wanga abu,” in ji shi. “Abin da ke cikin ɗakinga duka na Sha'ibu ne, sai ran da aka ce ba nashi ba ne. Ni ban iya cewa. Wanda ke cikin biro ma bai iyawa. Sai an rubuta Maraɗi, Maraɗi ta rubuta Yamai.”

“Yaushe amsa ka zowa?”

Mamani ya ɗaga kafaɗa. “In kuma ta zo, mi ka sani za ta ƙunsa? Wani can zai ce, wane ne wanga da ke son a buɗe mishi ɗakin Sha'ibu? Ni da kake gani, akwai mai duba ni kamar yadda nike duba ka. Tahi gida, kamar ba ka zo ba.”

Duk da haka Cindo ya sa aka rubuta. Takardar ta bi motar wasiƙu, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Furera ba ta da haƙurin irin wannan. Ta tare shi a bayan rumbu, idonta jajir.

“Bangon laka ne fa, Cindo. Ka ba ni dagi in huda shi ta baya, in ɗauko, mu liƙe. Wa zai sani?”

“Yaya, bangon bayan nan a gidan maƙwabta yake.”

“Maƙwabtan da muka tashi tare?”

“Su fa. Wa kike tsammani ya kai maganar Sha'ibu?”

Ya tuna mata makiyayin nan da ya sayar da tunkiya guda daga garken wani da ya gudu, don ya sayi magani. An ɗaure shi a bayan mota an yi arewa da shi, har yau matarsa na zuwa bakin biro tana tambaya. Ya ce in aka tafi da shi, wa zai ciyar da gida biyu, nasa da na Sha'ibu? Keken ɗinki ɗaya ne ke riƙe da su duka. Gaskiya ya faɗa, ba ƙari. Amma a ƙasan gaskiyar akwai tsoro tsagwaronsa, tsoron igiya a hannu da kulki a baya, kuma Furera ta gan shi sarai.

“Uwarka ta yi tahiyar shekaru da ƙahwa saboda ƙyallen nan,” ta ce. “Kai taki kaɗan ya gagare ka.”

Ya je wurin liman. Liman ya ce ai kowane farin ƙyalle mai tsarki ya wadatar, Allah ba yadi yake dubawa ba, zuciya yake dubawa. Cindo ya yi godiya. Maganar daidai take, sai dai ba liman ne zai shiga ɗaki ya gaya wa tsohuwar ba. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. In ya shiga gaishe ta sai ta juyo da makafin idanunta wajen hannuwansa, ba wajen fuskarsa ba, ta saurara ko za ta ji motsin yadi. In ba ta ji ba sai ta ce, “An tashi lahiya?”

Nan ne shaiɗan, ko tausayi, ko su biyun tare, suka ba shi shawara. Shi fa tela ne, yadi bai da sirrin da ya ɓoye masa. Ranar kasuwa ya sayi farin alawayyo wurin wani baƙo daga Maraɗi, ya ce shafin riga zai yi. Ya kai shago ya rufe ƙofa. Ya wanke shi har sitacin ya fita, ya buga shi a kan turmi ya yi laushi. Ya sa haƙori ya tsaga gefe ɗaya, yadda ta sha ba su labari. Ya taɓa jin alhazai na cewa zamzam na da ɗan gishiri-gishiri, shi bai taɓa sa shi a baki ba, sai ya jiƙa gishiri a ruwan rijiya ya tsoma yadin, ya shanya a ciki inda ba mai gani. Ya turara shi, ya ninke, ya danne a ƙarƙashin keke har ninkin ya kama kamar na shekaru. Aiki ya yi kyau. Bai taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, bai kuma taɓa jin ƙyamar hannunsa kamar ranar ba.

Da hantsi ya shiga da shi. Furera na zaune a bakin gado tana yi wa tsohuwar fifita. Ta kalli abin da ke hannunsa, ta leƙa ta ƙofa ta hango igiya da jan kaki suna nan yadda suke, ta dawo da ido kansa. Ta ci gaba da fifita.

“Inna, ga kayanki.”

Tsohuwar ta sa aka tashe ta zaune. Ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a cinya. Ta shafa samansa, ta kai hanci. Ta lalubo gefen da aka tsaga, ta bi shi da yatsa a hankali tun daga wannan baki har wancan. Sannan ta kama kusurwa ɗaya ta kai bakinta ta taɓa da harshe. Cindo bai taɓa sanin tana yin haka ba, don duk shekarun nan Sha'ibu ne ke kai mata. A can tsakar gida abin nan ya ce ƙwas, Furera ta zabura, mafici ya faɗi.

“Hatimin fa?” in ji tsohuwar.

“An ba da izini, Inna.”

“Ba wanda za a kama?”

“Ba kowa.”

“Madalla,” ta ce. “Allah shi yi maka albarka, shi tsare ka da ɗiyanka.” Ta sa Furera ta tura mata shi ƙarƙashin kai, ta kwanta. Cindo ya fita ya zagaya bayan rumbu ya yi kuka irin na yaro, yana toshe baki da hula. Daɗi yake ji ta yarda, kunya kuma na cin sa don ta yarda.

Ba ta daɗe ba bayan haka. Ta cika da safe, ana kiran shanu zuwa rijiya. Furera da tsofaffin unguwa suka yi mata wanka, suka suturta ta. Labari ya riga ya zaga cewa Hajiya za ta tafi da likkafaninta na zamzam, don haka mutane suka taru fiye da yadda ake taruwa a gidan da hukuma ta sa wa ido. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi yadin ya fito. Wasu sun ɗauka dama a ɗakinta yake, wasu sun ga gara kar su sani. Tsofaffi na ta cewa ta dace, wani har ya kai hannu ya shafi gefen makara ya shafa a fuska.

Cindo ne ya shiga kabari ya karɓe ta, tunda babban ba ya nan. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da ya sunkuya zai kwance ƙullin wajen kai, hannunsa ya faɗa kan gefen da ya tsaga, ya ji gurbin haƙoransa a jikin zaren. A can wata ƙasa ubansa na kwance cikin rabin yadi yana jiran ɗaya rabin, shi kuma ga abin da ya aiko masa. Sai da aka kama hannunsa aka jawo shi waje, mutane suka ce son uwa ne.

Da la'asar, masu gaisuwa sun ragu, Furera ta aiko a kira shi. Ya same ta a ɗakin tsohuwar, an naɗe tabarma, gadon kara ya zama tsirara. Ta ce ya zauna.

“Inna ta bar maka saƙo. Ta ce kar in hwaɗa sai an ruhe ta.”

Ya zauna a ƙasa.

“Ran da ka kawo, da ka hita, ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun kahin ciwonga. Ta ce, ‘Ɗan nan ya cika gishiri.’”

Cindo ya ce, “Ta sani?”

“Tun kahin ta kai baki. Ta ce nata ta san shi kamar tahin hannunta.”

“Mi ya hana ta hwaɗi?”

“Na ce mata bari in kira ka, ta riƙe mini zane. Ta ce in ta hwaɗi za ka je ka karya abin mutane, a tahi da kai. Ta ce an ɗauke mata ɗaya, ba ta ba da na biyu saboda ƙyalle. Ta ce a sa mata wanda ka kawo, ɗanta ya wahala a kanshi.”

Ya rufe fuska da hannu. Furera ta bar shi har ya lafa, sannan ta ce, “Da saura.”

Ya ɗago.

“Ta ce na cikin akwati ta bar maka. Ba na Sha'ibu ba ne, ba nawa ba ne, naka ne. Ta ce zai ishe ka, kai ba dogo ba ne. Ta ce in ka je lahira, kai ka kai ma Baba rabinshi, ka gaya mishi abin da ya tsare shi.”

Cindo ya daɗe yana kallon yayarsa, yana neman abin da zai kama a fuskarta. Kyauta ce mafi girma da tsohuwar ta mallaka a duniya, ta tsallake kowa ta ba shi. Amma kyautar likkafani ce.

“Yaya, don Allah, da wace murya ta hwaɗa? Da hushi, ko da albarka?”

“Na yi ta juya shi ni ma,” in ji Furera. “Wallahi ban sani ba, Cindo. Ka san Inna.”

Ya tashi ya fita tsakar gida. Mata na ta kai da kawo da ƙoren hura na sadaka, kowace in ta zo daidai kusurwar nan sai ta ratse. Shi ya tafi kai tsaye ya tsaya a gaban ƙyauren, kusa fiye da yadda ya taɓa tsayawa tun ran da aka rufe shi. Likkafaninsa na ciki, tsakaninsu katako ɗaya, kuma shi ne ya dangwala yatsa cewa ba mai taɓa shi. Babban ɗansa ya zo wucewa da buta, ya gan shi tsaye, ya ce, “Baba, lahiya?” Cindo ya juya ya kalli yaron, ya ga hannayen da wata rana za su tsaya a gaban ƙofar nan suna neman likkafanin da za a rufe shi da shi. Ya buɗe baki zai ce masa in ranar ta zo ya karya hatimin, sai ya kasa. Ya so ya ce masa kar ya taɓa, wannan ma ta ƙi fita.

“Lahiya lau,” ya ce. “Kai ma baƙi ruwa.”